Aibin da Na Rufe a Gidanmu

Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina dillancin shanu a Karar Potiskum, kuma ba gado na yi ba. Mahaifinmu manomi ne, gero da wake, bai taɓa mallakar abin da ya wuce jaki da tumaki uku ba. Ni da akuya biyu na fara, na koma raguna, daga baya na shiga shanu. Yau in aka yi lodin tirela goma ranar Laraba, da wuya a rasa hannuna a biyu. Na faɗi haka ne don kada mai karatu ya yi mini uzurin jahilci a abin da zan ba da labari. Da wayona na yi shi.

Kara ta koya mini abu biyu tun da wuri. In kana saye, ka tambayi komai. In Bafulatani ya kawo mini karsana, ba na tsayawa a haƙori da kofato. Sai na tambayi uwarta: sau nawa ta haihu, tana ɓari, nononta yana isar maraƙi? Na san abin da ke jikin uwa yakan bi 'ya, ko da 'yar tana sheƙi a gabanka. In kuwa kai ke sayarwa, bakinka ya yi nauyi. Ba na rantsuwa a kan ƙarya, amma in mai saye ya ce, "Lafiyarta lau kuwa?" sai in ce, "Ga ta nan gabanka, Alhaji. Ido ba mudu ba, ai ya san kima." Aibin da ba a tono ba, dillali ba ya tono shi. Da wannan na gina gida a Yerimaram, na sauke farali, kuma ban taɓa jin ya dame ni ba sai da na shigo da shi cikin gida.

Mu uku mahaifiyarmu ta bari: yayarmu mace, ni, sai ƙanena da na ba shekara goma sha shida. Mahaifinmu ya rasu bai kai sittin ba. Ƙafafunsa ne suka fara kumbura, sai fuska, musamman da safe, har idanunsa su kusa rufewa. Daga baya fitsari ya ragu, abinci ya ƙi zama. Wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce sammu. Bayan shekara huɗu baffanmu, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, ya bi shi da irin wannan kumburin. Sai yayarmu da ke aure a Fika. Ita har asibiti an kai ta, aka ce ƙoda ce, amma an makara. Ni na ɗauko gawarta.

Ƙanena a hannuna ya tashi. Ni na sa shi makaranta, da ya ƙi na kai shi koyon mota, ni na yi masa aure. Ya zama direban tirela, yana kai mana shanu Kudu. Gida ɗaya muke, sashena da sashensa, zaure ɗaya. Mutum ne mai ƙiba da dariya, kuma tun yana yaro in na yi magana amsarsa ɗaya ce: "To, Yaya."

Akwai abu guda da ya kamata in ƙara. A wajenmu in za a yi aure sai an yi binciken asali, kuma ba hali kaɗai ake bincika ba. Ana tambaya a ɓoye ko akwai kuturta a gidan, ko taɓin hankali, ko farfaɗiya, ko wani ciwo da ke bin jini. Saboda an san ni da ido da kunne, an sha aika ni irin wannan bincike. Na taɓa komawa na ce wa wani abokina, "Akwai farfaɗiya can," maganar aure ta mutu a ranar. Don haka na san nauyin kalma ɗaya. A lokacin da nake magana a kai, ina da 'ya'ya mata biyar, biyu sun isa a fara sallama da su. Ƙanena yana da uku.

Wata Talata ce da hantsi, jajiberin kasuwa, muna zaune a zaure ni da shi muna tsara lodin gobe, sai ga bulaman unguwa ya yi sallama. Tare da shi akwai wata mata mai hijabi ruwan toka, riƙe da takardu, da ma'aikatan lafiya biyu maza. Bayan gaisuwa bulama ya ce, "Alhaji, baƙi ne na kawo maka. Bincike suke yi a kan ciwo, suna bin gida-gida. Malama, ga mai gidan."

Matar ta yi bayani a natse, da Hausar da ake jin Bolanci a ƙarƙashinta. Ta ce suna so su gane abin da ya sa ciwon ƙoda da hawan jini da ciwon suga ke yawa a wasu gidaje, wasu gidajen kuma babu. "Ko ruwan sha ne, ko magungunan da ake sha barkatai, ko wani abu ne da ake gado a jini. Ba mu sani ba tukuna, Alhaji, shi ya sa muke tambaya." Ta ce gidan da aka taɓa samun mai ciwon ƙoda, za su roƙi manyan gidan su zo a auna musu jini da fitsari kyauta, a kuma ajiye kaɗan daga jinin don a duba abin da ake gado. Wanda aka ga wani abu a jikinsa, shi kaɗai za a faɗa wa, a haɗa shi da likita. "Kuma ba dole. Tambayoyin na cikin gida ne, in kana so sai mu keɓe."

Bulama har ya fara tattara rigarsa. "Bari in ba ku wuri."

Na riƙe masa hannu. "Zauna, Bulama. Gidan nan ba abin da muke ɓoyewa."

Lissafi na yi, cikin ƙiftawar ido, irin wanda nake yi a Kara. In bulama ya fita ya tsaya a waje, kafin la'asar unguwa ta san cewa gidan Alhaji akwai maganar da sai an keɓe. Bulama ya san mahaifinmu, da shi aka yi masa sutura, ya ga ƙafafun. Amma abin da kowa ya sani ba a furta ba, ba ya hana aure. Wanda aka furta aka rubuta a takarda shi ke hanawa.

Ta fara da ruwan da muke sha, rijiya ko burtsatse. Ta tambayi gishiri, jiƙo, maganin ciwon jiki. Duk na amsa gaskiya. Sannan ta juya shafi.

"Mahaifinka yana raye?"

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Me ya yi ajalinsa?"

"Tsufa."

"Kafin ya rasu ya kumbura? Ƙafa, ko fuska da safe?"

A nan dabarata ta ƙare. Yadda nake titsiye Bafulatani a kan uwar karsana, haka ta titsiye ni, ba wurin cewa ga ta nan gabanka. Na ce, "A'a."

Ƙanena ya gyara zama. "Yaya, ai Baba..."

Na ɗora hannu a gwiwarsa na matsa sau biyu. A Kara, in kana tare da naka ana ciniki ya buɗe baki zai ɓata, haka ake yi masa. Ma'anarsa, yi shiru, cinikin yana hannuna. Ya san alamar tun yana raka ni kasuwa.

Matar ta juya wajensa. "Baba me, Malam?"

Ya dubi tabarma. "Ai Baba ya ɗan daɗe yana jinya. Shi ke nan."

"Tsufa ai jinya ce, Malama," na ce, har na yi dariya.

Ta tambayi 'yan'uwan mahaifina, na ce baffanmu zazzaɓi ne. Ta tambayi waɗanda muke ciki ɗaya, na ce yayarmu a haihuwa ta rasu, alhali autarta tana da shekara uku a lokacin. Bulama bai ɗago ba, carbinsa kawai yake ja. Ta rubuta duka da biro shuɗi, ina kallon hannunta.

Da ta gama ta ce, "Tunda mun zo, bari a auna muku hawan jini, minti biyu ne."

Na ce wa ƙanena, "Kai tashi, makanike na jiranka a gareji, gobe lodi." Ya tashi ya sa takalmi. Ni kuma na ce baƙina daga Kudu suna masauki suna jira, wata rana na zo da kaina. Na sa hannu a takardarsu, na raka su har bakin titi, na tsayar musu da keke napep. Na dawo ina jin irin daɗin da nake ji in na sayar da sa mai ɗingishi ba a lura ba.

Bayan la'asar ƙanena ya same ni ina alwala. "Yaya, me ya sa ka hana ni? Kyauta fa za su duba mu."

"Kyautar da za ta bar maka 'ya'ya uku a ɗaki? Ka san abin da za a riƙa kiran gidan nan? Gidan masu kumburi. Wa zai aiko?"

"Ta ce ba wanda zai ji."

"Takarda ba ta da sirri. Kai dai ga ka nan kamar bijimi. Me ke damunka?"

Sai ya ce, "To, Yaya."

Ina da aboki a Dogo Tebo, dilan hatsi, iyayensa daga Kano suka zo, don haka Bakano muke ce masa. Shi da aka je gidansa ya zazzage komai, har ciwon da ya kashe kakarsa. Ya kwashi iyalinsa suka je aka ɗebi jini. Da labari ya iso rumfar da muke zama, ni na fara.

"Bakano, an ce yanzu har jini kake sayarwa. Nawa mudu?"

"Naku ne ba su karɓa," ya ce. "Sun ce duk warin kashin shanu yake yi."

"To me suka gano? Jinin sarauta?"

"Hawan jini suka gano, ɗan nema. Wai ƙodata ta fara yoyo kaɗan. An ba ni ƙwaya, an ce in rage gishiri."

"Shi ke nan, rowa ta samu takardar likita. Dama can miyar gidanka lami ce."

Aka yi ta dariya, shi ma yana yi. Ya nuna ni da sandar rakensa ya ce, "Kai dai je ka a duba ka, mai tumbi." Na ce ni lafiyata ta fi ta ingarma. Bakano yana nan har yau, jiya ma na gan shi yana faɗa da masu dako a kan buhun wake.

Shekara uku suka wuce. Na aurar da 'ya'yana biyu, aka yi bincike a kanmu aka same mu fes. Na ɗauka na ci riba.

Ciwon kai ƙanena ya fara da shi. Direbobin doguwar hanya ba sa zuwa asibiti don ciwon kai. Kemis suke tsayawa a bakin titi su sayi ƙwayoyin kashe ciwo, su kora da jiƙon da ake talla a tasha. Haka ya yi ta yi, ban san tsawon lokacin ba. Abin da na sani shi ne wata Juma'a a masallaci yana sahun gabana, ya yi sujada, na ga idon sawunsa ya cika ya shafe, fatar tana ƙyalli. Ni da nake hango kumburi a ƙafar sa daga ƙarshen turke, ba zan ce ban gane ba. Ƙafar mahaifinmu na gani. Da muka fito na ce, "Ƙafarka fa?" Ya ce, "Zaman mota ne, Yaya." Na ce, "Haka ne, zaman mota ne. Ka riƙa ɗaga ta." Na karɓi amsar saboda ita nake so. Wannan ya fi ƙaryar zaure ci mini rai, domin a zaure ina iya cewa ban ga komai a jikinsa ba.

Bayan wata biyar aka dawo da shi daga Kudu kwance a bayan kujera, wani direban ke jan motar. Amai yake yi, fuskarsa ta haye, numfashi da ƙyar. A asibitin garinmu aka duba jininsa aka ce mu wuce Damaturu a ranar.

Likitan da ya karɓe mu can matashi ne, bai girmi babban ɗana da yawa ba. Ya duba takardun, ya danna ƙafar ƙanena da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ya ce ƙodojin biyu sun kusa daina aiki, sai an fara wankin ƙoda. Sannan ya ɗauki biro.

"Baba, akwai wanda ya taɓa irin wannan a danginku?"

Ƙanena ya juyo daga kan gadon da kumburarrun idanunsa ya dube ni, yana jira. Mutum mai shekara arba'in da wani abu, rai a hannun Allah, yana jiran izinina ya faɗi ciwon da ya kashe ubansa. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan lokacin ba.

Na ce, "Mahaifinmu. Da ƙaninsa. Da yayarmu."

Likita ya ɗago. "Uku? An taɓa auna shi kuwa? Ko hawan jini?"

"Ba a taɓa ba."

Ya rubuta. Na bi shi har baranda. Na ce, "Likita, ni ɗan kasuwa ne, faɗa mini farashin gaskiya. Da an duba shi shekara uku da suka wuce fa?"

Ya ce ba zai iya rantse mini cewa da bai kamu ba. Ya ce akwai abin da ake gado daga uwa da uba da ke sa ƙodar wasu ta fi saurin gajiya, amma ba duk wanda ya gada ke kwanciya ba, kuma har yanzu masu bincike suna ƙoƙarin gane abin da ke tayar da shi. "Sai dai ƙoda ba ta mutuwa rana ɗaya, Baba. A hankali take tafiya, ba ta ciwo. Da an ga hawan jinin an riƙe shi, an raba shi da waɗannan ƙwayoyin, wataƙila da ya samu shekaru masu yawa kafin ya kai ga na'urar wanki. Wataƙila."

Na san irin wannan wataƙilar. Ita nake faɗa wa mutumin da ya kawo saniya bayan ta riga ta faɗi, don kada in ce masa kai ka kashe ta.

Da aka fara wankin ya ɗan dawo hayyacinsa, na shiga neman matar nan mai hijabi ruwan toka. Bulama ne ya yi mini kwatancen inda take aiki. Na same ta a wani ƙaramin ofis, takardu har kan taga. Ba ta gane ni ba sai da na faɗi unguwa da ranar. Na ce na zo gyara amsa. Na faɗa mata duka a tsaye, ban iya zama ba ko da ta nuna mini kujera.

Na zaci za ta yi faɗa, da ta yi ma da na ji sauƙi. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya, Alhaji. Ba kai kaɗai ba ne, mun san mutane suna jin nauyi." Sannan ta ce, "Sai dai gidanku yana cikin gidajen da muka lissafa a matsayin waɗanda ba su da ciwon. Da su muke kwatanta sauran. Ruwanku, abincinku, duk mun sa su a ɓangaren masu lafiya."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Na ɗauka ƙaryata a gidana ta tsaya. Ashe na ɗauki saniya mai ciwo na tura cikin garken lafiyayyu, mutane suna ta auna garken suna neman abin da zai ceci wasu. Na ce, "Zai gyaru?" Ta ce za ta rubuta gyaran ta aika, abin da aka riga aka yi aiki da shi kuma ba ta da iko a kansa. Ta ce, "Amma yaran gidan fa? Su ba a makara ba."

A satin na kwashe duk wanda ya balaga a gidan, nawa da nasa, har 'ya'yan yayarmu na aika aka zo da su daga Fika. Keke huɗu muka cika, da rana tsaka, unguwa tana kallo. Na kira surukaina biyu na faɗa musu abin da ban faɗa ba lokacin da iyayensu suka yi bincike. Ɗaya ya ce Allah ya sawwaƙe, ya kai matarsa aka duba. Ɗayan bai ce komai ba, amma mahaifinsa ya daina amsa gaisuwata da fara'a, kuma yana da gaskiya. Masu neman babbar 'yar ƙanena suka janye ba tare da sun faɗi dalili ba. Abin da na ji tsoro ya faru, kuma na ga girmansa: bai kai rabin ƙafa ɗaya ta ƙanena ba.

Saura abu guda da nake ganin zai wanke ni. Likita ya ce in an samu ɗan'uwa na jini da ƙodarsa ta dace, ana iya dasa masa. Ban yi shawara da kowa ba na ce a duba ni. Har na fara jin ƙarfi a raina. Na ce ni na ɓata, ni zan biya da naman jikina, magana ta ƙare, in iya haɗa ido da shi.

Bayan kwana tara likita ya kira ni ya rufe ƙofa. Ya ce ba za su iya ɗaukar tawa ba. Jinina ya hau sosai, kuma fitsarina ya nuna ƙodata ta fara yoyo. "Amma kai an gano da wuri, Baba. In ka riƙe magani, ka kiyaye abin da na faɗa maka, za ka iya daɗewa ba ka ga na'ura ba. Ka gode wa Allah. Ciwon ɗan'uwanka ne ya cece ka."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na fito na zauna a kan benci a ƙarƙashin wata bishiyar maina, na kasa tashi har aka kira azahar. Ni da na yi ƙaryar aka ba ni shekarun, shi da ya buɗe baki zai faɗi gaskiya aka ba shi na'ura.

Yanzu sau biyu a mako muke zuwa Damaturu, Litinin da Alhamis. Ni ke tuƙi. Shi da ya yi shekara ashirin yana jan tirela har bakin teku, yana zaune a gefena da matashi a bayansa, yana gyara mini tuƙi. "Yaya, ka saki giya ta uku mana, motar kuka take." Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ruwan da zai sha a yini ma aunawa ake yi da ƙaramin kofi.

Na daɗe ina juya maganar a bakina. Wata Alhamis da safe, mun wuce Damagum kaɗan, na sauka gefen titi na kashe mota. Ya ce, "Lafiya? Taya ce?"

Na ce, "Ranar nan a zaure. Ni na hana ka. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon gonakin da ke gefen hanya. Na yi fatan ya zage ni. Sai ya ce, "Ni ma ai da bakina ranar, Yaya. Ba ɗaure ni ka yi ba."

"Ni na koya maka yin shirun."

"To ai ka koya mini tuƙi ma, ga shi kai ba ka iya ba." Ya yi 'yar dariya, tari ya katse ta. Da ya lafa ya ce, "Na yafe. Amma kada ka ƙara tayar da ita, tana gajiyar da ni. Ta da mota, in muka makara wani zai hau gadon."

Na tayar. Ban ji an sauke mini komai ba, kuma na daina sa ran za a sauke. Mun kusa Ngelzarma ya juyo ya ce, "Ka sha maganinka yau?"

Na ce na manta, sai mun isa.

"Tsaya ka sha yanzu."

"In mun isa na sha."

"Yaya, tsaya. Yara takwas mata, in ka kwanta kai ma, wa zai tsaya musu?"

Na sake sauka gefen titi. Ya buɗe aljihun mota ya ciro ƙwayar da kansa, ya ɓare ta ya sa mini a tafin hannu. Ya miƙo mini gorar ruwan da shi ba a yarda ya sha ba, ya tsare ni da ido har na haɗiye.